Kalmomin zuzutawa: littafin aikin ajin Turancinmu a Daejeon

Alhamis, 7 ga Maris 2024

A Koriya ta Kudu shekarar karatu da watan Maris take farawa, shi ya sa yau muka buɗe aji. Aji dai a baki. Teburin shan shayi ne na hawa na uku, bayan an tashi daga ɗakin gwaje-gwaje, daga ni sai abokan bincikena 'yan ƙasa su biyar. Ba kuɗi tsakaninmu: su gyara mini Koriyanci, ni in taya su da Turanci. Abin da muka ɗauka wannan zangon shi ne kalmomin da masu jin Turanci ke faɗa idan an kambama abu fiye da ƙimarsa. Burinmu kafin hutun ƙarshen Yuni mu haɗa ɗan littafi da za mu bar wa masu shigowa bayanmu.

Babban ɗalibin ɗakinmu ne ya kawo maganar. A nan wanda ya riga ka shiga makaranta “sonbe” ake ce masa, ba a kama sunansa gatsau. A jarrabawar TOEIC, wadda kamfanonin ƙasar nan ke dubawa kafin su ɗauki ma'aikaci, ya ci fiye da 900 cikin 990. Duk da haka da mai tantance wata mujalla ya rubuta masa cewa sakamakon bincikensa “overstated” ne, sai ya ɗauka ana nufin ya maimaita shi da yawa. Ya bi takarda yana goge maimaici, ƙarin gishirin da aka yi ƙorafi a kai kuwa yana nan daram. Ba laifinsa ba ne. Turancin jarrabawa na ofis ne: rasit, taro, odar kaya, da tallan da ke cewa kaza sabo ne fil. Yana koya wa mutum muryar mai sayarwa. Ta mai saye da ya ji jiki ba ta ciki.

Jerin farko: hype, overhyped, overrated, overblown, oversell, buzz, buzzword, gimmick, fad, clickbait, puffery, shill, snake oil, vaporware. Kowane mako za mu ɗauki biyu ko uku.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi ya kama, sun matsar mini da aji zuwa bayan shan ruwa ba tare da na roƙa ba.

“Hype” kaɗai ta cinye mana zaman. Duk sun san ta, saboda wata waƙar ƙungiyar 'yan mata da ta yi tashe a 2022 tana ɗauke da ita a sunanta, kuma dukkansu a matsayin yabo suka san ta. Ba su yi kuskure ba, rabin labarin ne kawai. Saurayi ya ce “I'm so hyped”, ɗoki yake nufi. “Hype man” kuma shi ne mai tsayawa gefen mawaƙi yana zuga jama'a, aikin sanƙira sak: ba shi da waƙar, nasa shi ne ya ɗaga murya har wanda ke bayan taro ya yarda cewa babban abu ake yi. Amma ɗan jarida ya rubuta “it's all hype”, ko “don't believe the hype”, to ya gama yanke hukunci cewa hayaniya ce ba komai a ƙasa. Na rubuta jimloli a allo na ce kowa ya faɗi bakin wa suka fito, mai sayarwa ko mai saye. Nan aji ya kama wuta. Ƙaramarmu, wadda ta fara digiri na biyu bana, ta lura da abin da ban tsara faɗa ba: kamfani ba ya taɓa kiran tallansa “hype” a gaban abokin ciniki, sai dai a ɗakin taro, inda ake cewa “let's build hype”. Kalmar cikin gida ce a wurin masu talla, kalmar zargi ce a bakin mutanen waje.

Saboda haka tsarin littafin ya sauya tun kafin a fara rubuta shi. Da farko layi uku na yi niyya, kalma da ma'anarta da misali. Yanzu akwai na huɗu: wa ke faɗarta, kuma a kan wa.

Sun ba ni nasu. “Gwajang gwanggo” shi ne talla mai ƙarin gishiri, kalmar hukuma da jarida. “Gopum” kumfa ce, ita suke jefa wa ɗan ƙwallo ko gidan abinci da sunansa ya fi aikinsa. Suna da karin magana cewa bikin da labarinsa ya cika gari ba a samun abin ci a cikinsa. Ashe ra'ayin ba baƙo ba ne a wurinsu ko kaɗan, rigarsa ta Turanci ce kawai ba su da ita.

Alhamis, 21 ga Maris

Ranar furuci. Koriyanci ba shi da sautin f, sai su mai da shi p, kuma ba sa son kalma ta ƙare da baƙi irin wannan, sai su liƙa mata wasali. Ta haka “hype” ke zama wani abu kamar “haipu”, “fad” kuma ta koma “pad”. “Buzz” a bakinsu daidai take da sunan abin saurare na kunne na Samsung, wato Buds, har a rubutunsu iri ɗaya ne. Mu Hausawa kuma ta ɗaya gefen muke zamewa, p ɗinmu ke gudu ta koma f. Da muka zo kan “puffery”, mai ɗauke da duka biyun, kowa ya ga ta kansa: su “pupari”, ni kuma sai na tsaya na daidaita leɓe. Maganin da ya yi aiki shi ne takarda a gaban baki. In p ce takarda ta yi tsalle, in f ce haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa.

Labarin makon ya ba mu kalma kyauta. Ranar 18 ga wata hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci tarar wasu kamfanoni biyu masu ba da shawarar zuba jari, jimilla dala 400,000, saboda sun yi iƙirarin amfani da ƙirƙirarriyar basira fiye da yadda suke yi. Sunan da aka ba abin shi ne “AI washing”, ƙanen “greenwashing”, wato kamfani ya nuna kamar yana kare muhalli alhali ba haka ba ne. Na ƙara su a jeri.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Yau kotu muka shiga, kuma zaman ya fi kowanne daɗi zuwa yanzu.

“Puffery” ba kalmar hira ba ce, ta lauyoyi ce, kuma ba a gane ta sai da labari. A 1891, lokacin da mura mai tsanani ke kashe mutane a Ingila, wani kamfani mai suna Carbolic Smoke Ball ya yi tallan wata ƙwallon roba mai bututu da ake shaƙar hayaƙin magani daga cikinta. Tallan ya ce duk wanda ya yi amfani da ita sau uku a rana har mako biyu sannan mura ta kama shi, za a ba shi fam 100. Don a san da gaske suke, suka ƙara da cewa sun ajiye fam 1,000 a bankin Alliance da ke titin Regent a Landan. Wata mata, Louisa Carlill, ta saya, ta bi ƙa'ida, mura ta kama ta a Janairun 1892, ta ce a cika alkawari. Lauyoyin kamfani suka ce ai wannan cika bakin talla ne kawai, “mere puff”, ba mai hankalin da zai ɗauke shi alkawari. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a: wanda ya ambaci banki da adadin kuɗin da ya ajiye ya wuce cika baki. Aka ba ta kuɗinta. Har yau da wannan shari'ar ake fara koyar da dokar yarjejeniya a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, har da Najeriya.

Sai na kawo musu kishiyarta. A Amurka, Pepsi ta yi tallan talabijin da ke nuna cewa da maki miliyan 7 za ka samu jirgin yaƙi samfurin Harrier. Wani matashi ya haɗa kuɗin sayen makin ya ce a ba shi jirginsa. A 1999 kotu ta ce wasa ne a fili, ba mai hankalin da zai zaci kamfanin lemo na rabon jiragen yaƙi.

Daga nan muka ja layi a allo. “The best coffee in town” ba a auna shi, saboda haka doka ta bar shi ya wuce, “puffery” ke nan. “Cuts your electricity bill by 30%” ana auna shi, in ƙarya ne ya zama “false advertising”. Tsakaninsu akwai “misleading”, inda kowace kalma gaskiya ce amma an jera su don ka fahimci abin da ba haka ba. Sonbe ya yi shiru can ya ce, “To ke nan a Turanci, in za ka yi ƙarya, ka yi wadda ba ta da lamba.” Ban ce masa eh ba, ban kuma iya ce masa a'a ba.

Wani daga cikinsu ya tambaya ina za a sa gidajen abincin da kowanne ya rubuta “wonjo” a ƙofa, wato shi ne na asali, alhali su biyar ne jere a layi ɗaya. Muka yi gardama. Na ce wanda ya fara buɗewa abu ne da ake iya bincikawa, don haka ya fi ƙarfin “puffery”. Suka ce ba ɗan Koriyar da ke karanta wannan allon ya yarda da shi, don haka ba wanda aka yaudara. Ina ganin sun fi ni hujja, domin ma'aunin kotun ke nan: me mai hankali zai ɗauka.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ba aji. Jiya Sallah, kuma ta faɗo daidai ranar zaɓen 'yan majalisar ƙasar nan, an ba da hutu, sai na samu zuwa Idi ba tare da neman izini ba. Aikin gida kawai na tura musu: kowa ya kawo kanun labari uku da ya danna ya yi da-na-sani.

Alhamis, 25 ga Afrilu

“Clickbait” ba ta ba su wahala ba ko ta minti ɗaya. Su ma da kamun kifi suke kwatanta abin: “nakshi” suke cewa, wanda ya danna kuma ya ce an kama shi da ƙugiya. Muka wuce.

Inda muka daɗe shi ne “shill”. Na fara bayani cewa mutum ne da aka biya ya yabi kaya yana nuna kamar shi ma abokin ciniki ne, ban rufe baki ba suka haɗa baki: “dwit-gwanggo”, tallan bayan fage. A tsakiyar 2020 asirin manyan masu tashoshin YouTube na ƙasar nan ya tonu, daga masu nuna tufafi har masu cin abinci a gaban kyamara, cewa kayan da suke rantsuwa da kuɗinsu suka saya ashe biyan su aka yi. Aka yi ta fitowa cikin baƙaƙen kaya ana sunkuyar da kai ana ba da haƙuri, wasu suka rufe tashoshinsu na wani lokaci. Daga 1 ga Satumban shekarar hukumar kula da adalcin ciniki ta tsaurara ƙa'idar cewa dole a bayyana a fili duk inda aka karɓi kuɗi ko kaya. Kalmar “nedon-nesan”, da kuɗina na saya da kaina, tun daga lokacin ta zama hatimin da kowa ke mannawa a sharhinsa, har masu ƙaryar.

Wannan labarin ya ɗauke mana kalmomi da yawa a tafiya ɗaya: “sponsored”, “disclosure”, “undisclosed ad”, “paid review”, da “astroturfing”, wato kamfani ya ƙirƙiri ɗaruruwan muryoyin bogi don a zaci jama'a ne suka taso da kansu. Sunan ya samo asali ne daga ciyawar roba ta filin wasa. Sai gargaɗi ɗaya da na sa aka rubuta da jan biro. A Koriyancin intanet, in aka ce abu “bairol” ne, ana nufin tallan ɓoye ne aka biya. A Turanci “it went viral” yaɗuwa kawai take nufi, sau da yawa ma abin alfahari ne. Wanda ya ce wa Bature “your video is viral” da nufin zargi, godiya zai sha.

Irin waɗannan kalmomin da suka shigo Koriyanci daga Turanci suka sauya hali sun isa shafi guda: “event” a nan rangwame ne ko garaɓasa, “service” kyauta ce da mai shago ya ƙara maka, “open run” kuma rububin shiga shago da zarar an buɗe ƙofa, wanda ba Baturen da zai gane. Ƙaramarmu ta karɓi aikin shafin.

Alhamis, 2 ga Mayu

“Snake oil” da “gimmick” da “fad”, a gurguje. Clark Stanley ya yi shekaru yana sayar da man maciji a Amurka a matsayin maganin ciwon gaɓɓai. Da hukuma ta auna, ba ɗigon maciji a ciki, man ƙasa ne da ɗan kitse da barkono da makamantansu. Aka ci shi tarar dala 20. Suka yi dariya, domin su ma in mutum na zuba daɗin baki cewa suke yi yana sayar da magani.

A “fad” misalai suka yi ta zuba: soyayyen dankalin Honey Butter Chip da ya ɓace daga shaguna a ƙarshen 2014, burodin Pokémon da aka yi ta bin layi dominsa a 2022 saboda 'yar sitikar da ke ciki, da 'ya'yan itace masu rufin sukari da shagunansu suka cika titi bara, bana kuma ana ta rufewa. Sitikar ita ce “gimmick”, layin shi ne “craze”, abin da ya rage bayan shekara shi ke nuna ko “fad” ne. Sun kuma ba ni labarin ɗaliban da suka ɗaure ledojin cincin da soyayyen dankali kusan 160 suka yi kwale-kwale da su, suka haye kogin Han a Satumban 2014, don su nuna cewa iska ake sayar musu. Ban shirya sa “slack fill”, wato iskar da ke cike gurbin kaya a cikin leda, a littafin ba, amma bayan wannan labari dole ta shiga.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na daɗe ina jinkirta labarin sinadarin LK-99, don na san wurin da ciwo. Mu masu binciken sinadarai ne, abin a gidanmu ya faru.

Ranar 22 ga Yulin 2023 wasu masu bincike a Seoul suka saka takardu biyu a rumbun arXiv, inda ake ajiye bincike kafin a tantance shi. Suka ce sun haɗa wani sinadari na dalma da tagulla da ke wuce da lantarki ba tare da wata turjiya ba, a zafin ɗaki, ba tare da matsi ba. Sunan ya fito daga haruffan farko na sunayen biyu daga masu binciken, Lee da Kim, da shekarar 1999. Da ya tabbata, da an sake lissafin wayoyin lantarki da na'urorin asibiti da jiragen ƙasa na duniya baki ɗaya. Wani ɗan bidiyo na ƙwayar abin tana ɗaga gefe ɗaya a kan maganaɗisu ya zagaye duniya. Hannun jarin kamfanonin da ba su da wata alaƙa ta ƙwarai da binciken ya yi ta tashi a kasuwar Seoul. Kafin Agusta ta ƙare ɗakunan bincike a ƙasashe da dama sun gwada ba su ga komai ba. Aka gano cewa faɗuwar turjiyar da aka gani a wajen zafin digiri 104 na ma'aunin Celsius daga wani gurɓataccen haɗin tagulla da farar wuta ne da ya cakuɗa da samfurin. Cibiyar bincike ta Max Planck da ke Stuttgart a Jamus ta haɗa tsantsarsa, ya fito ba ya ma wuce da lantarki. A Disamba kwamitin da masana fannin na Koriya suka kafa ya ce babu hujja.

Kowa a teburin ya tuna inda yake a wannan makon. Ɗayansu ya ce kawunsa ya kira shi da tsakar dare yana tambayar wane kamfani zai saya. Na bar su suka ba da labarin da Koriyanci tukuna, sannan muka sake shi da Turanci, jimla bayan jimla, muna zaɓar kalma. Nan ne bambancin da nake ta nema ya fito da kansa. Masu binciken “overclaimed”, sun faɗi fiye da abin da awonsu ya nuna. Jaridu “sensationalized”. Masu shafukan sada zumunta “hyped it up”. 'Yan kasuwar hannun jari “pumped”. A ƙarshe abin “didn't pan out”, ko “fizzled out”. Da wani ya ce “scam”, sonbe da kansa ya tare shi: wannan kalmar zargin niyyar cuta ce, kuma ba abin da ya ga an tabbatar ke nan ba. Na ji daɗin wannan fiye da duk wani aikin gida da suka taɓa kawo mini. Mutumin da ya san inda “overclaim” ta tsaya da inda “fraud” ta fara ba zai jawo wa kansa ƙara a kotu da imel ɗaya ba. Don a ga inda “fraud” ta dace, na ambaci Theranos, kamfanin gwajin jini da aka taɓa yi wa kuɗi dala biliyan 9, wanda kotu ta samu shugabarsa da laifin damfarar masu zuba jari a Janairun 2022.

Na zana musu lanƙwasar da kamfanin Gartner ya fito da ita a 1995, “hype cycle”: sabuwar fasaha ta ɓullo, buri ya hau ƙololuwa, a faɗo kwarin yanke ƙauna, a fara hawa a hankali, a daidaita. Suna son zanen, kuma sunayen matakansa na yawo a tarukan kamfanoni, don haka zai shiga littafin. Amma na gaya musu ra'ayina: zanen ya yi wa fasaha kyakkyawan zato da yawa, domin yana nuna kamar duk wanda ya faɗa kwari zai fito. LK-99 bai fito ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Yau muka juya madubi. Na ce kowa ya kawo taƙaitaccen bayanin takardarsa ta ƙarshe, ni ma na kawo nawa, muka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da mai sayarwa ne kaɗai zai faɗe ta. Wata takardar mai layi goma sha biyu ta fito da “novel” sau biyu, “remarkable”, “outstanding”, “unprecedented”, da “for the first time in the world”. Mai ita ya kare kansa da cewa haka ake rubutawa, kuma gaskiyarsa. Wasu masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan sun ƙirga irin waɗannan kalmomin yabo guda 25 a taƙaitattun bayanan da ke rumbun PubMed, suka buga a mujallar BMJ a 2015: daga kashi 2 cikin ɗari a shekarun 1974 zuwa 1980, sun kai kashi 17.5 a 2014. Cutar ba ta 'yan Koriya ba ce, ta duk mai neman kuɗin bincike ce.

Abin da ya fi shafar su shi ne wannan. A takardun neman tallafi na cikin gida, “na farko a duniya” da “na farko a ƙasa” kusan gaisuwa ce, ba wanda ke jin nauyinsu. In aka kwashe su haka aka zuba a Turanci, mai tantancewa a wata ƙasa yana ganin “world's first” sai ya gyara zama ya fara neman inda zai kama ka. Kalmar da aka sa don ta ɗaga takarda ita ke jawo mata ido. Muka gwada musanya: a cire “remarkable improvement”, a sa adadin da aka samu da abin da aka gwada shi da shi. A cire “proves”, a sa “suggests” ko “is consistent with”. In lallai sai an ce ba a taɓa yi ba, a sa “to our knowledge” a gaba. Takardar ta rage tsawo, mai ita ya karanta ya ce yanzu kamar ba shi da abin faɗa. Sonbe ya karɓa ya duba ya ce, “Yanzu ne ma na gane abin da ka yi.”

Sai matsalar ladabi, wadda ban hango girmanta ba sai da ƙaramarmu ta yi tambaya. “Sem,” haka suke kirana in suna tsokana, wato malam a taƙaice, “in farfesa ne ya rubuta jimlar fa?” A nan ɗalibi ba ya ce wa malaminsa ya yi ƙarin gishiri, ko da wane harshe. Muka gina tsani mai hawa huɗu. Can ƙasa, tsakanin abokai: “that's pure hype”. Sama kaɗan, ga abokin aiki: “I think that's a bit overstated”. Ga na gaba da kai: “a reviewer might push back on this”. A ƙarshe, ga farfesa: “would it be safer to say…”, ka kawo jimlar da kake so, ka bar masa ya zaɓe ta kamar tasa ce. Hawa na uku suka fi so, don ya ɗora laifin a kan wani mai tantancewa da ba ya wurin. Ɗan Hausa da ya taɓa son gyara wa dattijo magana a gaban mutane ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsanin.

Alhamis, 30 ga Mayu

Jarrabawar baki, a waje. Daejeon gari ne da 'yan ƙasar ke tsokana da cewa ba abin nishaɗi a cikinsa sai gidan burodi ɗaya, Sungsimdang, wanda ya fara da ɗan teburin sayar da burodin turare a gaban tashar jirgin ƙasa a 1956. Ba shi da reshe a wajen garin, amma cinikinsa na 2023 ya haura won biliyan 100 na kuɗin Koriya, kuma mutane na hawo jirgi daga Seoul don su bi layinsa. Muka bi layin mu ma. Sharaɗi: ba Koriyanci, kuma kowa ya yanke hukunci da kalmomin zangon nan.

Huɗu suka ce “it lives up to the hype”, ɗaya ya ce “worth it, but not worth the queue”, wanda ban koyar ba, shi ya haɗa abinsa. Gyara biyu kawai na yi. “Overrated” da “overpriced” ba ɗaya ba ne, na farko suna ne ya fi kaya, na biyu kuɗi ne ya fi kaya, kuma burodin nan ba mai cewa ya yi tsada. Sannan ba a cewa “it has many hypes”, kalmar ba ta da jam'i.

Alhamis, 13 ga Yuni

Makon jiya hutun tunawa da mazan jiya ne, ba mu haɗu ba. Yau muka rufe rubutu. Littafin ya tsaya a kalmomi 46, kashi uku: na bakin mai sayarwa, na bakin mai saye, da na kotu da jarida. Kowace da misali ɗaya daga abin da ya faru a Koriya, domin mun ga cewa kalmar da aka rataya wa labarin gida ita ke zama a ka. Shafin kalmomin aro masu sauya hali ya zama shafi biyu. Tsanin ladabi yana bangon baya, inda za a same shi da sauri.

“Vaporware”, wato kayan da aka yi ta tallarsa bai taɓa fitowa kasuwa ba, ta fita, ba wanda ya samo mata misalin da duka muka yarda da shi. “Ballyhoo” da “hoopla”, da wani ya tsinto a ƙamus, su ma mun cire, sun tsufa, wanda ya faɗe su a taro za a ɗauka daga tsohon fim ya koyi Turanci. Sonbe ya sake tura takardarsa ranar Litinin bayan ya cire “unprecedented” ya rage ƙarshenta da sakin layi guda. Amsa sai nan da wasu makonni. Ƙaramarmu za ta duba rubutun Koriyancin a ƙarshen mako, ni in bi na Turancin, ranar Talata a kai wa mai buga takardu na bakin ƙofar makaranta, kwafi ashirin. Zango mai zuwa sun nemi kalmomin ƙin amincewa cikin ladabi a imel, za mu fara a Satumba.